Jar ƙasar da ake samun sanholo daga cikinta

Tukunyar sanholo da ke kan murhu, da gwangwanin lemo, da fukafukan jirgin sama, duk asalinsu wata jar ƙasa ce mai suna boksait. A 1821 Pierre Berthier ya gano ta kusa da ƙauyen Les Baux a kudancin Faransa. Har gab da yaƙin duniya na biyu babu ƙasar da ta kai Faransa haƙo ta, kuma yankin Var ne cibiyar aikin.

A garin Tourves na wannan yanki aka buɗe gidan tarihin mahaƙan a 2012. Ana yi musu laƙabi da masu jar fuska, domin haka suke fitowa daga rami, ƙura ta rine su tun daga kai har ƙafa. Da yawansu baƙin haure ne daga Italiya. Mai ziyara zai sa hular kwano, ya shiga wani rami da aka gina daidai da na asali, ya ga fitilu, da injinan huda dutse, da ƙananan taragun da ake turawa a kan dogo. A ganina wannan ramin ya fi duk allunan bayanin da ke bango amfani, don a nan mutum ke gane cewa ƙarfen da muke yabo saboda rashin nauyi, da ƙarfin ƙashi aka fito da shi.

Aikin ba ya ƙarewa a bakin rami. Sai an dafa ƙasar da soda mai ƙarfi, bisa dabarar da wani masanin kimiyya mai suna Bayer ya ƙirƙiro, a samu farar hoda, sannan a narka hodar da wutar lantarki mai ɗimbin yawa. Tan 4 zuwa 5 na boksait ke ba da tan 1 na sanholo. Ragowar kuwa jar laka ce mai guba. Masana'antar sarrafa boksait ta Gardanne, a kudancin Faransa, ta shafe kusan shekara 50 tana zuba tata a tekun Bahar Rum, sai a ƙarshen 2015 aka hana.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 ramukan Var suka mutu, saboda boksait ta ƙasashen waje ta fi araha. Gardanne ta koma sayowa daga Gini, ƙasar da ta fi kowace arzikin boksait a duniya. A yankin Boke na Gini ba rami ake shiga ba, yaye saman ƙasa ake yi da manyan motoci, manoma kuma sun daɗe suna kukan ƙurar da ke lulluɓe musu gonaki da rijiyoyi.