Kafin A Kafa Tashar Lantarki, A Tambayi Sunan Filin

Tun da Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta, magana ta koma kan hasken rana, wanda Allah Ya hore wa Arewa. Sai dai kowane megawat ɗaya na buƙatar kimanin hekta 2 na fili. Tambayar ita ce, filin wa, kuma a ina?

Masana tsara ƙasa suna da dabarar amsa wannan tambaya, wato jibga taswira kan taswira. Ian McHarg, malami a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, shi ya yaɗa ta a 1969. Yakan zana kowane bayani a kan takarda mai shara-shara, ya duhunta wuraren da aiki zai yi ɓarna, sannan ya ɗora takardun bisa juna. Inda haske ya ratsa, nan ne ya dace. Yau kwamfuta da hotunan tauraron ɗan'adam ke wannan aiki: shimfiɗa ɗaya ta ƙarfin rana, ɗaya ta gangaren ƙasa, wata ta kusanci da manyan layukan wuta da hanyar mota, wata kuma ta wuraren ambaliya da gandun daji.

Dabarar tana da kyau, amma abin da aka zuba mata shi take mayarwa. Daga sama, burtali da makiyaya da tsohuwar maƙabarta duk fili ne da babu kowa. Hoton da aka ɗauka a watan Maris ba zai nuna shanun da za su bi ta wurin da damina ba. Mun kuma san abin da ayyukan gwamnati kan jawo wa masu ƙasa: madatsar Kainji, da aka kammala a 1968, ta tashi mutum sama da 40,000 ta kuma haɗiye tsohuwar Bussa, sannan rikicin diyya a Bakolori ya ci rayukan manoma a 1980.

A matsayina na ɗalibin harshe, ina ganin akwai shimfiɗar da injiniyoyinmu ke tsallakewa, ita ce ta sunaye. Bahaushe ya daɗe da rarrabe ƙasarsa. Fadama tana riƙe ruwa, a bar wa mai noman rani. Jigawa rairayi ce, kwari matattarar ruwa, labi hanyar dabbobi. Fako kuwa, da ko ciyawa ba ta son sa, shi ya fi cancanta da faifan hasken rana. Wannan ilimi yana bakin masu unguwanni da arɗo-arɗo da tsofaffin manoma, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don haka ina kira ga gwamnatocin jihohi su haɗa sassan nazarin ƙasa da na harsuna na jami'o'inmu, a tattara waɗannan sunaye ƙauye-ƙauye, da Hausa da Fulfulde da Kanuri da sauransu, a sa su a taswira kafin a ba da kwangila. Kuɗin wannan aiki bai kai na shari'ar fili guda ba. Allah Ya sa masu iko su ji.