Hana Tattabaru Sauka A Rufin Gine-gine: Bayani A Kan Ƙayar Ƙarfe Da Yadda Ake Amfani Da Ita

Kiwon tattabaru tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Ana cin namansu, ana sayar da 'yan shila a kasuwa, manoma kuma suna ɗibar kashinsu domin yin taki. Saboda haka wannan bayani bai shafi tattabarun da ke cikin akurki a hannun masu su ba. Magana ake yi a kan waɗanda suka bar gida suka koma zaman kansu, tare da 'yar uwarsu hasbiya, waɗanda ke taruwa a rufin asibitoci da makarantu da masallatai da kasuwanni da ofisoshi da gidajen jama'a. Manufar ita ce a sanar da al'umma irin ɓarnar da suke yi, da kuma hanyar hana su sauka ba tare da an cutar da su ba.

Dalilin Da Ya Sa Suke Son Rufi

Asalin tattabarar gida tsuntsuwar duwatsu ce, wadda ke yin sheƙa a lungunan tsaunuka masu tsayi. A wurinta dogon gini tamkar dutse ne. Abubuwa uku take nema: wurin sauka mai faɗi, da lungun da zai kare ta daga iska da ruwa, da abinci a kusa. Bakin taga da saman katanga da cikin silin da bayan na'urar sanyaya ɗaki da ƙarƙashin farantin sola duk suna biya mata wannan buƙata.

Bugu da ƙari, tattabara tana da saurin yaɗuwa. Takan yi ƙwai biyu, ta yi kwanci na kimanin kwana 18, 'yan shilar kuma su tashi bayan mako huɗu zuwa biyar. Muddin akwai abinci, tana iya maimaita haka sau da yawa a shekara guda. Wannan shi ya sa ginin da aka ga tattabaru huɗu a kansa bana, baɗi a tarar da garke.

Irin Ɓarnar Da Suke Yi

Masana sun ƙiyasta cewa tattabara ɗaya tana zubar da kashi kimanin kilo 12 a shekara. Idan ya taru a kan kwano yakan riƙe danshi, ya ci fenti, ya gaggauta tsatsa, daga nan sai yoyo. Haka kuma kashin da gashin da tarkacen sheƙa suna toshe indararo, ruwa ya kwanta a kan rufi ya jiƙa bango. Masu tarar ruwan sama daga rufi su ne suka fi shiga haɗari, domin duk abin da ke kan kwanon yana gangarowa cikin randa ko tanki. A kan farantin sola kuwa, kashin yana tare haske ya rage ƙarfin wuta, kuma wurin da ya rufe yana iya yin zafi fiye da kima har ya lalata farantin.

Ta fuskar lafiya, busasshen kashin tattabaru yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da likitoci ke kira kiriftokokus, wadda ke shiga ta numfashi ta kama huhu, wani lokaci har ta kai ga ƙwaƙwalwa. Akwai kuma cutar da ake kira zazzaɓin aku, wadda ita ma ake ɗauka ta shaƙar ƙurar kashin tsuntsaye. Mai cikakkiyar lafiya ba ya cika kamuwa da kiriftokokus. Waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, kamar masu ɗauke da cutar ƙanjamau da masu shan maganin daji, su ne abin ji. Shi ya sa rufin asibiti ya fi kowane rufi buƙatar kulawa, musamman a lokacin hunturu da iska ke kwasar ƙura.

Mece Ce Ƙayar Ƙarfe?

Ƙayar ƙarfe jerin tsinkaye ne da aka dasa a kan wani siririn gindi na roba ko na ƙarfe. Tsawon kowane tsinke yakan kai kimanin santimita 10 zuwa 12, kuma an karkata su ta fuskoki dabam-dabam. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin ta yi kama da yadda ake ɗora ƙaya a kan katanga ko shingen gona. Bambancin shi ne kan tsinkayen a dakushe yake. Ba a yi su domin su soki tsuntsu ba. Aikinsu kawai su hana shi samun inda zai ajiye ƙafa ya naɗe fuka-fukansa, sai ya wuce gaba.

Iri biyu ne a kasuwa: mai tsinkayen ƙarfe marar tsatsa, da mai tsinkayen roba. A yanayi irin namu mai tsananin rana, ta ƙarfe ta fi ƙarko, domin robar da ba a yi ta don jure hasken rana ba takan bushe ta kakkarye. Akwai kuma mai faɗi da marar faɗi, saboda haka ya kamata a auna faɗin wurin kafin a saya.

Yadda Ake Kafa Ta

Mataki na farko shi ne lura. A ɗauki kwana biyu ko uku ana duban ginin da safe da kuma dab da magariba, a gane ainihin inda tsuntsayen ke sauka. Inda kashi ya fi taruwa a ƙasa yakan nuna wurin. Ba a shimfiɗa ƙayar a kan rufi gaba ɗaya. Ana sa ta ne a kan tozon rufi da gefen indararo da bakin taga da saman katanga da kan bututu.

Mataki na biyu shi ne duba sheƙa. Idan akwai 'yan shila a ciki, a dakata har su tashi, ko a ba masu kiwo su ɗauke su. Toshe hanya alhali suna ciki zalunci ne, kuma mushensu zai jawo wari da ƙwari a cikin silin.

Mataki na uku shi ne tsabtace wurin. Kada a share busasshen kashi da tsintsiya. A fara yayyafa masa ruwa ya jiƙe, sannan a kankare shi a zuba a buhu a ɗaure. Mai aikin ya sa takunkumi da safar hannu, ya kuma yi wanka ya sake tufafi bayan ya gama. A bar wurin ya bushe sarai, domin gam ba ya kama wuri mai ƙura ko danshi.

Mataki na huɗu shi ne kafawa. A kan siminti ana amfani da gam na silikon, a kan katako a yi amfani da ƙusa, a kan bututu kuma a ɗaure da waya. A guji huda kwano inda ba dole ba. A jera ƙayar tun daga bakin wurin, tsinkayen gaba su ɗan leƙo waje, kada kuma a bar ratar da ta wuce santimita biyar tsakanin jeri da jeri ko tsakanin jeri da bango. Idan wurin yana da faɗi sai a yi jeri biyu ko uku. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tattabara tana gano rata komai ƙanƙantarta.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne kafin faɗuwar damina, da sanyin safiya kafin kwano ya ɗauki zafi. A yi amfani da tsani mai ƙwari, wani ya riƙe shi, a kuma nisanci wayoyin lantarki. Kada a tura yara. Idan ginin bene ne, a nemi kafinta ko ma'aikacin da ya saba hawa.

Inda Ba Ta Da Amfani

Ƙayar ƙarfe tana hana sauka, amma ba ta toshe ƙofa. Idan tattabaru suna shiga cikin silin ko ƙarƙashin farantin sola, ragar waya ce maganinsu. Ragar da idonta bai wuce santimita biyar ba tana tare tattabara, ƙananan tsuntsaye kuwa sai mai ido kimanin santimita biyu. Su ƙananan tsuntsayen ƙayar ba ta hana su, har ma sukan yi sheƙa a tsakanin tsinkayen. Idan ganye da leda suka cika ta, tattabarar ma tana iya zama a kai. Don haka a riƙa duba ta aƙalla sau biyu a shekara. A shekarar 2023 masu bincike a ƙasar Holan sun ba da rahoton hankaki da wasu tsuntsaye danginsa da ke ɓanɓaro ƙayar suna gina sheƙa da ita, har aka sami wata sheƙa a birnin Antwaf na ƙasar Beljiyam mai tsinkaye kimanin 1,500. Darasin shi ne a kafa ta da kyau tun farko.

Abin Da Wasu Birane Suka Koya

Ƙaya tana kare gini ɗaya ne kawai, tsuntsayen kuma su koma na maƙwabci. Abin da ke rage yawansu shi ne rage abinci. Birnin Basel na ƙasar Suwizalan ya fara wani shiri a shekarar 1988, inda aka wayar da kan jama'a su daina watsa musu abinci, aka kuma gina musu ɗakuna na musamman ana kula da su ana rage ƙwai. Cikin shekara huɗu da 'yan watanni yawansu ya ragu da kusan rabi. A Landan an kafa dokar hana ciyar da su a dandalin Tarafalga a shekarar 2003, aka kuma riƙa kawo shaho yana kora su. Birnin Benis na Italiya ya hana sayar da hatsin tattabaru a babban dandalinsa a shekarar 2008.

A wurinmu, abincin nasu yana fitowa ne daga hatsin da ke zubewa a kasuwanni da wuraren injin niƙa da sito, da kuma sauran abincin da ake zubarwa a fili. Share waɗannan wurare kullum da rufe bola zai yi tasirin da ƙaya kaɗai ba za ta yi ba.

Kira Ga Jama'a

Ana kira ga jama'a da su guji sa guba. Tattabarar da ta ci guba tana iya faɗawa hannun yaro ko ta shiga tukunyar wani, kyanwa da kare da ungulu kuma su ci mushenta su mutu. Haka kuma wasu tattabarun suna da masu su, kashe su na iya haddasa husuma tsakanin maƙwabta. Wanda tattabarun maƙwabcinsa suka dame shi ya fara yi masa magana cikin mutunci, idan abin ya faskara ya kai wa mai unguwa. Su kuma masu kiwo su tanadar wa tsuntsayensu isasshen ɗaki da abinci da ruwa a gida.

Daga ƙarshe, duk wanda ya ga tsuntsaye suna mutuwa da yawa ba gaira ba dalili, kada ya taɓa su da hannu. Ya sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa, kamar yadda ake gargaɗi tun ɓullar murar tsuntsaye a Nijeriya a shekarar 2006. Shugabannin asibitoci da makarantu da kasuwanni kuma su nemi shawarar ma'aikatan duba-gari na ƙaramar hukumarsu kafin su kwashe kashin da ya daɗe yana taruwa.