Haruffan da Ke Kiranmu daga Allon Shago

Duk wanda ya taka daga unguwar Akwatialine zuwa Aboabo, ko ya nufi kasuwar Kejetia, idonsa ya saba da wani irin rubutu ko da bai taɓa tsayawa ya lura ba. Yana kan allunan shaguna, da bayan motocin haya na trotro, da fostocin 'yan takarar mazaɓar Asawase in zaɓe ya ƙarato. Haruffa ne masu kauri, sun karkata dama kamar mai sauri, kuma ba su da 'yan ƙafafun nan da ke ƙarshen haruffan littattafai.

Kowace siffa da asalinta. Littafi na farko da aka buga da karkatattun haruffa ya fito ne daga maɗaba'ar Aldus Manutius a Italiya a 1501. Marasa ƙafa kuwa, William Caslon na huɗu ya fito da su a Landan a 1816. Daga baya aka sami salon Futura a Jamus a 1927, da Helvetica a 1957, kowanne da kaurararrensa mai karkata.

An yi masu kauri da karkatar nan ne don babban rubutu, wato kalma biyu ko uku da ake so a hango daga nesa. Kauri ke jawo ido, karkata kuma ke sa a ji sauri da kuzari. Matsala na tasowa ne idan muka cika allo da su tun daga sama har ƙasa. Sai haruffa su cunkushe, hujin da ke cikin 6 da 8 da 9 ya tsuke. Dattijo mai raunin gani da ke kwafar lambar momo, wato ta tura kuɗi ta waya, daga allon ɗan kasuwa yana iya ɗaukar 3 a matsayin 8, kuɗinsa su tafi hannun wani. Mai shagon bai yi da gangan ba, ba a faɗa masa ba ne.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Da yawan waɗannan salo ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai mai bugawa ya yar da lanƙwasar, "masaukin baƙi" ya koma "masaukin baki". Gaskiya ne a Hausarmu ta zango ba kowa ke bambanta su a furuci ba, amma yaranmu daga alluna suke fara haɗa baƙi, kuma ɗan Kano ko Maraɗi da ya zo fatauci zai karanta. Salon Noto Sans na Google yana da su duka, har da mai kauri mai karkata, kuma kyauta ne.

Saboda haka idan za mu ba da aikin allo ko sanarwar Maulidi, mu bar sunan shago ko taken taro kaɗai a karkatattun haruffa. Lambar waya, farashi, rana da lokaci a rubuta su a tsaye, da tazara tsakaninsu. Kafin mu biya, mu roƙi mai bugawa ya fitar da samfuri a takarda, mu manna a bango, mu tsallaka titi tare da wani dattijo ya karanta mana lambar.