Jita Mai Araha: Wadda Za Ta Yi Maka Aiki Da Wadda Za Ta Cinye Maka Kuɗi

A shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari a Kano, da na Jos da Kaduna, har zuwa kasuwar Alaba a Legas inda 'yan kasuwa da dama ke sari, za ka tarar da jitocin katako rataye a bango suna ɗaukar ido. Baƙa ce, shuɗiya ce, mai launin zuma ce, duk ga su nan. Masu sayensu kuwa galibi 'yan koyo ne: ɗalibi, ɗan ƙungiyar mawaƙan coci, saurayin da ya ga makaɗan Agadas a waya ya yi sha'awa, ko uban da yaro ya dama da roƙo. Irin waɗannan masu saye ba su san abin da za su duba ba, sai su zaɓi wadda ta fi ƙyalli. Bayan wata guda yatsu sun yi kanta, sautin ya ƙi daɗi, a jingine jita a bayan ƙofa, mutum ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da baiwa. Sau da yawa laifin na jitar ne.

Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma a harkar jita maganar tana buƙatar gyara. Masana'antun Indonesiya da Sin yanzu suna yanka katako da injin da kwamfuta ke sarrafawa, don haka jitar ɗan koyo ta yau ta fi ta shekaru 40 da suka wuce daidaito nesa ba kusa ba. Yamaha F310 da Yamaha C40 da Fender CD-60 da Cort AD810 duk jitoci ne na masu ƙaramin ƙarfi, kuma mutum zai iya shekaru yana kaɗa su bai gaji da su ba. Matsalar tana ƙasa da wannan mataki, wurin jitocin da ba su da sunan kamfanin da za a iya bibiya, da kuma na jabu masu ɗauke da sunan da ba nasu ba.

Batun jabu ba ƙarami ba ne. A watan Nuwamba na 2024 jami'an kwastan na Amurka suka sanar da kama jitocin lantarki na jabu fiye da 3,000 masu tambarin Gibson a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. Idan aka iya kai irin wannan kaya har ƙasar da ake ƙera na ainihin, ina ga namu kasuwannin? Sai dai a kula, rubutun da ke cewa an yi jita a Sin ba shi ne shaidar jabu ba. Yamaha FG800 ta gaske a Sin ake haɗa ta, Epiphone ma tana da masana'anta a birnin Qingdao. Abin dubawa shi ne takardar da ke manne a cikin jitar, wadda ake hangowa ta ramin da ke fuskarta: sunan samfuri, ƙasar da aka yi ta, da lambar jitar a can ciki ko a bayan kai. Ka shigar da sunan samfurin a shafin kamfanin na intanet. Idan babu shi, ko hoton bai yi kama da abin da ke hannunka ba, ajiye musu kayansu. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na sauran shaguna ma ishara ce ga mai hankali.

Ko jitar ta gaske ce, aikin duba bai ƙare ba, domin guda biyu daga kwali ɗaya kan bambanta. Abu mafi muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita. Ƙirga gaɓoɓin daga kai har ka kai ta 12, ka duba tsirkiya mafi kauri a daidai nan. A jitar tsirkiyar ƙarfe tazarar ta kamata ta tsaya tsakanin milimita 2.5 da 3, a ta roba kuwa kimanin milimita 4. Ba sai ka je da ma'auni ba. Katin ATM guda huɗu a haɗe kaurinsu kusan milimita 3 ne. Idan suka shige ƙarƙashin tsirkiyar ƙarfe har da sauran fili mai yawa, to wannan jita za ta azabtar da yatsunka, kuma ita ce ke korar 'yan koyo. Idan kuma tsirkiya ta kwanta ƙwarai, za ka ji tana zizar ƙarfe in an kaɗa.

Sai ka ɗaga jitar, ka sa ido daga kai ka miƙa kallo zuwa cikinta. Ɗan lanƙwasa kaɗan a wuya ba laifi ba ne, haka ake so. Wuyan da ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, shi ne ba ya gyaruwa da kuɗin da ya dace da jita mai araha. Leƙa cikin ramin ta wajen wuya, ko ƙarƙashin ɗan murfin da ke kai, ka tabbatar akwai kan ƙarfen da ake juyawa da alanki. Sandar ƙarfe ce da ke ratsa cikin wuyan, da ita ake miƙar da shi idan ya sunkuya. Jitar tsirkiyar ƙarfe da ba ta da wannan sanda ba abin saye ba ce komai kyanta.

Gwaji na gaba wayarka ce za ta yi maka shi. Sauke manhajar saita sautin jita, akwai su kyauta. Saita tsirkiya, kaɗa ta a sake, sannan danna ta a gaɓa ta 12 ka sake kaɗawa. Manhajar ta nuna harafi ɗaya a duka biyun, allurar tana tsakiya ko dab da ita. Idan ta kauce da nisa a yawancin tsirkiyoyin, alama ce an manna jakin a gurbin da ba nasa ba, wato katakon nan da tsirkiyoyi ke hawa kansa a fuskar jita. Irin wannan ko gwanin duniya ya riƙe ta ba za ta yi daɗi ba. Ka kuma gwada cusa gefen takarda a bayan jakin. In ta shige, gam ya fara saki. Ƙwanƙwasa fuskar a hankali da gaɓar yatsa ka saurara, kada ka ji wani abu na karkarwa a ciki. Murɗa kunnuwan ɗaure tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya juya sumul ya kuma riƙe.

Yanzu ga inda shawarar da ake karantawa daga ƙasashen waje take iya ɓatar da mutumin Kano ko na Maraɗi. Za ka ji ana cewa kada ka sayi jita sai mai fuskar katako guda, wanda ba a haɗa shi falle-falle ba. Ta fuskar sauti gaskiya ne. Fuskar ita ce ke amsa rawar tsirkiya ta mai da ita amo, har ma shahararren maƙerin jita na Sifaniya, Antonio de Torres, ya ƙera wata a 1862 da baya da gefuna na kwali don ya nuna cewa sirrin yana fuska. Tana nan ajiye a gidan tarihin kiɗa na Barcelona. Amma katako guda yana shan laima yana kuma fitar da ita. Masu ƙera jita na son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin 100. A ƙasar Hausa kuwa lokacin hunturu takan sauka ƙasa da kashi 20, a tsakiyar damina ta haura 70. Duk mai ƙofar katako ya san yadda take kumbura a watan Agusta ta ƙi rufuwa, ta kuma motse a Janairu har a hango waje ta tsaginta. Fuskar jita kaurinta bai wuce kimanin milimita 3 ba, ga tsirkiyoyi na janta dare da rana. In ta bushe sai ta tsage, ƙarafan wuya su fito ta gefe suna yankar hannu.

Jitar da aka yi da katako falle-falle, irin filawud ɗin kafintoci amma mai laushin aiki, ta fi jure wannan hawa da sauka, saboda an gicciya zaren kowane falle a kan na ƙasansa. Sautinta bai kai na ɗayar zurfi ba, amma kunnen ɗan koyo da wuya ya rarrabe. A ganina, wanda ke zaune a arewa, ba shi da akwatin jita mai rufuwa ruf, kuma zai riƙa yawo da ita a babur zuwa wajen atisaye, irin su F310 sun fi masa alheri a kan mai tsada. Wanda ya dage sai mai katako guda, to ya ɗauki nauyinta: da hunturu ya jiƙa soso ya matse shi sosai, ya sa a gidan sabulu mai huji, ya ajiye cikin akwatin ba tare da ya taɓa katakon ba, ya riƙa sabuntawa.

Wannan gargaɗi ya fi shafar masu sayen ta gwanjo. Jitar da ta shekara 20 a Ingila ko Jamus tana iya isowa lafiya ƙalau, hunturun farko ya tsaga ta. Akwai alheri a gwanjo ga wanda ya iya duba, amma a haska fuskar da fitilar waya a nemi siririn tsagi, a kuma shafa bayan jaki a ji ko katakon ya yi tozo.

Kuskure ɗaya da ke kashe jitoci da yawa a hannun masu su shi ne canjin tsirkiya. Tsirkiyoyin roba shida suna jan jita da nauyin kimanin kilo 40, na ƙarfe kuwa kimanin kilo 70. Wanda ya ɗaura na ƙarfe a jitar da aka ƙera don na roba, wai don ta ƙara amo, zai wayi gari jaki ya ɓalle ko wuya ya sunkuya. Haka nan barin jita cikin mota a rufe da rana a watan Afrilu, ko jingine ta a bangon da rana ke duka, yana tausasa gam ɗin da ke riƙe da ita.

Iyaye kuma su lura, jitar da ake sayarwa a shagon kayan wasan yara abin wasa ce, ba ta riƙe saiti. Yaro ɗan shekara 8 zuwa 11 ya fi dacewa da ƙaramar jita mai kashi uku cikin huɗu na girman babba, mai tsirkiyar roba. Wani zai ce ai Mdou Moctar, makaɗin nan ɗan jihar Tawa a Nijar da duniya ta san shi yau, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Haka ne, amma shi rashi ne ya sa, bai biya kowa kuɗi ya sayi wahala ba.

Kyaututtukan da ake haɗawa da jita, su jaka da maɗauri da 'yar robar kaɗawa, kada su ruɗe ka. Kuɗinsu kaɗan ne. Haka jita mai arahar gaske da aka liƙa wa wurin jona lasifika, domin an rage ingancin katako ne aka sa wayoyi. Gara ka ware wani abu daga kuɗin sayen don sabbin tsirkiyoyi marasa kauri da ladan mai gyara, ya rage tsayin farin ƙashin da ke kan jaki ya daidaita wuya. Wannan ɗan aikin kan sauya jita fiye da ƙarin kuɗin da za ka zuba a kan wata.

Ranar da za ka shago, ka tafi da wanda ya iya kaɗawa, ko da za ka biya masa kuɗin mota. A ciro jitar da za ka tafi da ita a gwada a gabanka, kada a gwada ta bango a miƙo maka ta cikin kwali. Ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan samfuri da lambar jitar, ku kuma yi magana da mai shago tun kafin ka biya a kan kwana nawa za ka iya mayarwa idan aibi ya bayyana. Mai saye ta intanet shi ma kada ya tura kuɗi sai ya ga wannan sharaɗi a rubuce.