3.2 Kalmomin Ingilishi Masu Alaƙa da Gini da Aikin Dutse

A wannan sashe za a duba wasu kalmomin Ingilishi da suka shafi gini da aikin dutse, domin a gano asalinsu, da kuma dalilin da ya sa Hausa ta ari wasunsu ta ƙyale wasu.

3.2.1 Asalin Kalmomin

Da yawa daga cikin kalmomin gini na Ingilishi, shi ma aro su ya yi. Bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, sun shiga gina manyan majami'u da gidajen sarauta da dutse. Ta wannan hanya ce kalmar "mason", wato maginin dutse, ta shiga Ingilishi daga Faransanci. Haka kuma, "cement" ta samo tushe daga Latin, inda take nufin ɓaraguzan dutse da aka faso. Ita kuwa "mortar", wato kwaɓin da ake haɗa duwatsu da shi, asalin ma'anarta turmi ne, kuma har yau tana ɗauke da ma'anonin biyu.

Irin simintin da ake amfani da shi a yau ya samo sunansa ne a 1824, lokacin da wani birkila mutumin Lids, Joseph Aspdin, ya yi rajistar haɗinsa da sunan "Portland cement". Ya zaɓi sunan ne saboda idan haɗin ya bushe yakan yi kama da dutsen tsibirin Fotland, wanda da shi aka gina majami'ar St Paul da ke Landan.

3.2.2 Kalmomin da Hausa Ta Ara

Bahaushe ya haɗu da waɗannan kalmomi ne a zamanin mulkin Turawa, musamman bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka sami sauƙin kawo siminti da ƙarafa daga bakin teku. Kafa masana'antar siminti a Nkalagu a 1957, da fara aikin ta Sakkwato a 1967, sun ƙara yaɗa su. Sai dai kowace kalma sai da ta bi ƙa'idar furucin Hausa kafin ta zauna. Alal misali:

(a) Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, don haka akan tsarma wasali a tsakaninsu: "block" ta koma bulo, "bricklayer" ta koma birkila.

(b) Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, saboda haka ko dai a ƙara wasali ko a shafe baƙin ƙarshe: "cement" ta zama siminti, "rod" ta zama rodi, "concrete" ta zama kankare.

(c) Akan musanya sautin da Hausa ba ta da shi da wanda ya fi kusa: "plaster" ta koma filasta, "shovel" ta koma shebur.

Bugu da ƙari, wasu kalmomin sun saje har suna ɗaukar jam'in Hausa, kamar birkiloli da leburori, sannan an ƙirƙiri leburanci daga lebura.

3.2.3 Kalmomin da Ba a Ara Ba

Akwai wasu kalmomi da suka keɓanta ga sassaƙar dutse waɗanda ba su sami shiga Hausa ba. Daga cikinsu akwai "ashlar", wato dutsen da aka sassaƙe shi ya yi kusurwa huɗu. Da "quoin", dutsen kusurwar bango. Da "keystone", dutsen da ake sakawa a ƙololuwar baka ya riƙe sauran. Dalili shi ne, ba a aron suna sai tare da abin da yake nufi. Ko da yake an yi amfani da dutse a ganuwar Surame ta ƙasar Kabi, gwanintar maginin Hausa tana ga ƙasa ne. Bakan gizo, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da azara da laka ake ɗaura shi, don haka babu buƙatar wani dutse mai riƙe shi, balle a nemi sunansa.

3.2.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa kayan aiki su ne suka jawo kalmomi. Abin lura a nan shi ne, yayin da bulo ya maye gurbin tubali, filasta kuma ta ture makuba da laso, su ma waɗannan sunaye sun fara ɓacewa daga bakin matasan magina. Don haka ya kamata masu nazarin harshe su gaggauta tattara su daga sarakunan magina da dattawan sana'ar, tun suna raye.