Yadda Ake Karatun Kafofin Watsa Labarai a Babbar Sakandaren Ingila

A Ingila, idan ɗalibi ya kai shekara 16 ya gama jarrabawar GCSE, yakan rage darussansa su koma uku. Zai shekara biyu a kansu, sannan ya zauna jarrabawar A-level, wadda da sakamakonta ake neman gurbi a jami'a. Cikin darussan da zai iya zaɓa akwai nazarin kafofin watsa labarai. Wanda ya ji sunan zai ɗauka aikin jarida ake koyarwa, amma abin da aka fi ba ƙarfi shi ne warware labarin da wani ya riga ya ɗinka, a ga inda zare ya bi.

Hukumomin jarrabawa uku ne ke shirya darasin a Ingila: AQA da OCR da Eduqas. Manhajar da suke bi yanzu an fara koyar da ita a 2017, kuma ta tattaro kafofi tara: talabijin, fim, rediyo, jarida, mujalla, talla, shafukan intanet da na sada zumunta, wasannin kwamfuta, da bidiyon waƙa. Kowace hukuma na ware takamaiman abubuwan da za a nazarta. Eduqas, alal misali, ta sa jaridun Daily Mirror da The Times. Dole ne kuma a haɗa da wani abu da aka yi kafin 1970, da wani da aka yi don masu jin wani harshe ba Turanci ba.

Komai aka ɗauko, tambayoyi huɗu ake yi masa. Bari mu bi su da shafin farko na jarida. A ce ma'aikatan jirgin ƙasa sun tafi yajin aiki, malama ta shigo aji da jaridu biyu na rana ɗaya ta baje su a tebur.

Tambayar farko: da me aka gina saƙon? Jarida ta ɗaya ta sa hoton wata tsohuwa zaune kan akwatinta a tasha, babu jirgi, an ɗauko ta daga sama har ta ƙanƙance. Ta biyu ta sa ma'aikata a jere riƙe da kwalaye, an ɗauko su daga ƙasa, sai suka fito da kwarjini. Babu wadda ta yi ƙarya, domin duka abubuwan biyu sun faru. A nan ake kawo Roland Barthes, masanin Faransa wanda ya bambanta abin da hoto ke nunawa ƙarara da abin da yake sa wa mutum a rai, ya kuma nuna yadda rubutun ƙasan hoto ke ɗaure ma'ana a wuri guda. Ɗalibi zai faɗi me girman haruffan kanu ya yi, me ya sa wannan ta ce ma'aikata sun "jefa jama'a cikin wahala", waccan kuma ta ce sun "tashi neman haƙƙinsu". Ba a karɓar "hoton yana da ban tausayi" a matsayin amsa, sai ya nuna abin da aka yi wa hoton har ya ba da tausayin.

Tambaya ta biyu: yaya aka fito da mutanen? Wa aka ba bakin magana, wa aka nuna fuskarsa kawai, wa aka bari a waje ɗungurungum? Idan kullum aka tashi nuna matasan wata unguwa sai a labarin sata, ko aka tashi nuna Afirka sai a labarin yunwa, to maimaicin kansa ya zama darasin da mai kallo ke haddacewa ba tare da ya sani ba. Wanda aka fi dogara da shi a nan shi ne Stuart Hall, haifaffen Jamaika da ya jagoranci cibiyar nazarin al'adu ta Jami'ar Birmingham.

Ta uku: kafar ta wace ce, kuma daga ina kuɗinta ke fitowa? The Times tana hannun kamfanin Rupert Murdoch tun 1981. Daily Mirror ta kamfanin Reach ce, kuma ta daɗe tana goyon bayan jam'iyyar Labour. BBC kuwa yawancin kuɗinta daga lasisin talabijin da gidaje ke biya yake zuwa. Masana James Curran da Jean Seaton sun yi bayanin cewa idan kafofi suka taru a hannun kamfanoni ƙalilan masu neman riba da iko, muryoyin da ake ji sukan ragu. Ana kuma koyo game da masu sa ido, irin su Ofcom mai kula da rediyo da talabijin. A ganina wannan ce tambayar da ta fi amfani, ita ce kuma mai karatu ya fi mantawa da ita, domin ba a rubuta sunan mai jarida a kanun labari.

Ta huɗu ta koma kan mai karatu. Hall ya ce mutum na iya karɓar saƙo yadda aka nufa, ko ya karɓi wani sashe ya gyara saura da abin da ya sani, ko ya yi watsi da shi gaba ɗaya. Direban jirgi da fasinjan da ya rasa ganin likita ba za su karanta shafin nan iri ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa zama a majalisa bayan an gama labaran Sashen Hausa na BBC ya ga wannan da idonsa: labari ɗaya aka ji, amma gardama ta rabu gida uku.

Jarrabawar takarda biyu ce, kowace na ɗauke da kashi 35 cikin ɗari, kuma akan kawo abin da ɗalibi bai taɓa gani ba a ce ya feɗe shi nan take. Sauran kashi 30 aikin hannu ne. Hukuma za ta ba da umarni, a ce bidiyon waƙa da shafin intanet na mawaƙin, ko bangon mujalla da shafukan ciki, a kuma faɗi irin mutanen da ake so abin ya kai gare su. Ɗalibi zai rubuta manufarsa cikin kalmomi kusan 500, ya ɗauki hotunansa da kansa, ya tace. Abokai na iya fitowa a ciki ko su riƙe masa fitila, amma shi kaɗai ake ba maki. Ranar da ya zauna da hotuna arba'in na ƙanwarsa yana neman guda ɗaya na bango, ya yanke gefen da kwandon shara ya fito, ranar yake gane cewa kowane hoton da ya taɓa gani a jarida wani ne ya zaɓe shi haka.

Darasin ya sha raini. A 2011 ƙungiyar manyan jami'o'i ta Russell Group ta fitar da jerin darussan da ta ce sun fi buɗe ƙofar jami'a, irin su lissafi da tarihi da kimiyya, babu wannan a ciki, sai a 2019 ta janye jerin. Rainin bai dace ba, amma akwai suka ɗaya da na yarda da ita: sunayen masana sun yi yawa a manhajar, har ɗalibi na iya haddace su ya jera a takarda bai dubi hoton da ke gabansa da kyau ba. Maganin da ƙwararrun malamai ke yi shi ne su fara ajiye jaridar a tebur, su bar yara su faɗi abin da suka gani, sai an ƙare gardama sannan a gaya musu wane masani ne ya riga su faɗa.