Rijiyar Makarantar Angolo

Kanada ƙasa ce babba wadda ta ke arewa da Amurka. Tana da sanyi ƙwarai, ga kuma yawan tafkuna da koguna, har mutanenta ba safai su kan yi tunanin ƙishirwa ba. Kudu da Otawa, babban birnin ƙasar, akwai wani ɗan gari ana ce da shi Kemptville. Ɗan makarantar garin nan in ya ji ƙishirwa, taki goma ya ishe shi daga ƙofar aji zuwa famfo.

A cikin watan Janairu na shekara ta 1998, wata malamar aji ɗaya a garin ta yi wa yaranta bayanin wahalar ruwa a ƙauyukan Afirka. Ta gaya musu akwai wuraren da mata da yara su kan yi tafiyar sa'o'i kafin su sami ruwa, ruwan kuwa gurɓatacce ne, ya kan kashe jarirai. Ta ce makarantarsu za ta tara kuɗin taimako, ta kuma ce dala 70 za su isa a yi rijiya guda. Cikin yaran akwai wani mai shekara 6, sunansa Ryan Hreljac. Maganar nan ta zauna masa a rai.

To, me ya sa ruwan kududdufi ya ke kisa? Dalili shi ne, akwai waɗansu ƙwayoyin cuta ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Suna fita daga cikin bayan gidan mutum ko na dabba. Idan aka yi ruwan sama, sai ya kwashi ƙazantar nan ya kai ta cikin kududdufi ko rafi. Wanda ya sha, sai ƙwayoyin su shiga cikinsa su hayayyafa, su kawo zawo, ko atuni, ko zazzaɓin taifot, ko kwalara. Babban mutum ya kan jure wani lokaci, amma jariri in zawo ya kama shi, ruwan jikinsa ya kan ƙare cikin kwana biyu ko uku. Kada kuma a ruɗu da ganin ruwa garau. Ruwa ya kan yi haske kamar madubi alhali yana cike da cuta.

Ban da cuta kuma akwai nauyi. Jarka mai cin lita 20 in ta cika, nauyin ruwanta kilo 20 ne, watau kusan nauyin yaro ɗan shekara shida. Yarinyar da ta ɗauko wannan tun asuba daga nesa, in ma ta zo makaranta, gyangyaɗi za ta yi ta yi.

Da Ryan ya koma gida, sai ya roƙi iyayensa dala 70. Ba su ba shi ba. Suka ce in yana so ya yi aiki ya samu, bayan aikin gida da ya saba yi kullum. Wannan kuwa dabara ce mai kyau, gama da sun miƙa masa kuɗin a ranar, da watakila maganar ta mutu a nan. Ya share ɗaki aka ba shi dala 2. Ya wanke tagogi aka ba shi dala 2. Haka ya yi ta yi, 'yan'uwansa suna wasa a waje shi yana aiki, yana zuba abin da ya samu cikin gwangwanin biskit. Sai da ya yi wata huɗu kafin kuɗin su cika.

Aka kai shi Otawa, ofishin wata ƙungiya mai suna WaterCan, wadda aikinta a lokacin shi ne samar da ruwa a ƙasashe matalauta. Suka karɓi kuɗin, suka yi masa godiya. Amma ashe dala 70 kuɗin famfon hannu ne kaɗai. Haƙa rijiyar kanta dala 2,000 ya ke ci a lokacin nan.

Ga dalilin tsadar. Ruwan sama in ya zuba, wani ya kan gudu zuwa kogi, wani kuwa ya kan nitse cikin ƙasa. Yana nitsewa yashi da tsakuwa suna tace shi, kamar yadda rariya ta ke tace kamu, har ya kai wurin da ya ke taruwa a can ƙasa, tsakanin yashi ko cikin tsagin duwatsu. Ruwan nan ya fi na sarari tsabta nesa ba kusa ba. Amma kafin a kai gare shi, sai an huda rami mai zurfi, wani wuri mita 20, wani wuri fiye da 50. Sa'an nan a zura bututu don kada ramin ya rufta, a zuba tsakuwa kewaye da gindin bututun, a toshe bakin ramin da siminti don kada ƙazantar sama ta gangara ciki. Bayan haka a yi daɓen siminti, a yi magudana wadda za ta kai ruwan da ya zube can nesa. Sai an gama wannan duka za a ɗora famfo. Irin wannan ita ce a ke kira rijiyar burtsatse. Famfon shi ne abu na ƙarshe, shi ne kuma mafi araha.

Ku yi lissafi ku gani. In dala 70 sun ci wata huɗu, dala 2,000 za su ci kusan wata 114, watau shekara tara da rabi. Da yaron zai dogara ga shara da wankin tagogi kaɗai, da sai ya kusa gama makarantar sakandare kafin a sa bututu a ƙasa. Duk da haka ya ce zai ci gaba da aiki.

Abin da ya gajarta shekarun nan shi ne hannu da yawa. Wata ƙawar mahaifiyarsa ta sa aka buga labarin a jaridar garinsu, daga nan wata babbar jaridar Otawa ta ɗauka. Mutane suka fara aiko da kuɗi ta gidan waya, wannan dala 5, wancan dala 20. 'Yan ajinsu su ma suka shiga, kowa yana kawo 'yan canjin da ya samu. Ryan kuwa, ko da ya ke yaro ne mai kunya, ya riƙa zuwa waɗansu makarantu da tarurrukan manya yana bayani. Kafin shekara ta zagayo kuɗin rijiya suka cika.

Da aka tambaye shi inda ya ke so a haƙa ta, sai ya roƙa a yi ta kusa da makaranta. Wata ƙungiyar likitocin Kanada mai suna CPAR, wadda ta ke aiki a Yuganda a lokacin, ita ta zaɓi wurin: makarantar firamare ta Angolo, a arewacin Yuganda, ƙasar kabilar Lango. Aka gama rijiyar a farkon shekara ta 1999. A wurin mutumin ƙungiyar nan ne Ryan ya ji cewa da hannu a ke murɗa ƙarfen haƙa, mutum 20 su yi kwana goma ko fi a kan rijiya ɗaya, injin da zai sauƙaƙe aikin kuwa dala 25,000 ne. Sai ya sake ɗaura ɗamara, shi da 'yan makarantarsu, har aka sayi injin.

A wannan lokaci malamarsu ta haɗa yaran ajin da yaran Angolo, suka riƙa rubuta wa juna wasiƙa. Abokin wasiƙar Ryan wani yaro ne mai suna Jimmy, wanda ya saba tashi cikin dare ya tafi ɗiban ruwa kafin lokacin makaranta. A watan Yuli na shekara ta 2000 Ryan ya tafi Angolo tare da iyayensa. Dubban yara suka jeru a bakin hanya suna tafa masa, ya ga rijiyar da idonsa, ya sha ruwanta. Ƙasar ba ta zaune lafiya a shekarun nan, gama 'yan tawayen da a ke kira LRA suna satar yara su mai da su sojoji. Suka kama Jimmy, amma ya kuɓuce musu. A shekara ta 2003 ya isa Kanada, iyayen Ryan suka riƙe shi kamar ɗansu.

Akwai wani abu da masu tara kuɗi su kan manta, shi ne rijiya ba ta kula da kanta. A cikin famfo akwai sanda mai hawa da sauka, da robar da ta ke riƙe ruwa ta tura shi sama. In mutum ɗari suna tuƙa shi kullum, dole robar ta cinye, kusoshi su kwance. A ƙauyukan Afirka akwai famfuna masu ɗimbin yawa da suka mutu, ba don ruwa ya ƙafe ba, sai don babu wanda aka ɗora wa gyaransu. Saboda haka ƙungiyoyin da suka san aiki ba su haƙa rijiya sai mutanen gari sun zaɓi kwamitin ruwa. Kwamitin nan shi ke karɓar ɗan kuɗi kaɗan daga kowane gida don sayen kayan gyara, shi ke sa a share daɓe, a kange wurin kada dabbobi su shiga. A kan kuma koya wa wani ɗan gari gyaran famfo, a koya wa yara wanke hannu da sabulu, da rufe randa, gama ruwa mai tsabta in aka zuba shi a mazubi mai datti ya koma irin na kududdufi.

A shekara ta 2001, Ryan yana da shekara 10, iyalinsa suka kafa gidauniya mai suna Ryan's Well Foundation. Tun daga lokacin ta yi ayyukan ruwa fiye da 1,000 a Yuganda, da Gana, da Malawi, da Haiti, da waɗansu ƙasashe, mutum fiye da miliyan ɗaya suka amfana. Duk da haka aikin bai ƙare ba. Bisa ga lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, a shekara ta 2022 akwai mutum kamar miliyan 700 waɗanda ba su da ruwan sha mai kyau kusa da gidajensu, fiye da rabinsu kuwa a Afirka su ke, kudu da Sahara.